Ranar da Na Yi wa Mai Yankan Ciyawa Kiɗa

Aikin da na fara samu a garin Greensboro, can ƙetaren teku, a farkon shekarun tamanin, shi ne duba lafiyar fina-finai. A ƙarƙashin laburaren jami'armu akwai wani ɗaki marar taga, cike da gwangwanayen fim tun daga ƙasa har rufi. Malamai kan aro su nuna wa ɗalibai, in an dawo da su sai in sa farar safar hannu, in riƙa juya faifan a hankali, zaren fim ɗin yana bi ta tsakanin yatsuna. Inda na ji ya tsage in yanke in liƙe. Shugabata wata tsohuwar Baturiya ce mai yawan tari, ba ruwanta da kowa. Ta ce duk fim ɗin da na yi shakkarsa in ɗora a injin majigi in kalla. To, ni kuwa kusan kowanne sai na yi shakkarsa.

A lokacin ina zaune a unguwar Glenwood, a ɗaki guda a bayan gidan wani tela, ina karatun digiri na biyu, ina zuwa ko'ina a keke. Kuma ina ɗauke da wata ƙarya da na taso da ita tun daga gida. Duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce manomi ne.

Yana da gona kam, wannan gaskiya ne. Amma a ƙauyenmu, can ƙasar Katsina, ba wanda ya san shi da gona. Makaɗin noma ne, ɗan makaɗin noma. In an kira gayya, samari sun jeru da garemani a bakin kunyoyi, Baba ne ke bin su a baya da ganga yana zuga su har rana ta karkata. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, "kai wannan" yake ce mini. Tun ban kai tsayin gangar ba ya fara koya mini. Ba ya yawan magana, abu ɗaya yake nanatawa: kada in kalli garma, in kalli ƙugun mutum. Ƙugu ne ke fara gajiya. In ka ga ya soma nauyi, sai ka rage masa kiɗan kaɗan yadda ba zai lura ba, ya samu ya shaƙi iska, sannan ka ɗauke shi.

Da na ci jarrabawar shiga makarantar kwana, shi ya raka ni. Ya aro babbar riga, ya bar ganga a gida, ya shiga ofishin hedimasta shi kaɗai, ya bar ni a waje da akwatina. Da ya fito ya shafa kaina ya kama hanyar tasha. Ba a yi wata biyu ba wani ɗan garinmu da ke aji na gaba ya tona ni. Daga ranar nan, sunana ya koma ɗan maroƙa. Manyan ɗalibai su kira ni su ce in kaɗa musu murfin akwati su yi rawa, su jefo mini ɓawon gyaɗa a matsayin kyauta. Shekara biyar ina haɗiye wannan. Da na fita na yi rantsuwa hannuna ba zai sake dukan wani abu mai amo ba, kuma na riƙe rantsuwar har na haye teku.

Hausawan Greensboro a wancan zamani ba mu da yawa, falo ɗaya yana ɗauke mu. Babbanmu wani mutumin Kano ne da muke kira Alhaji, ya gama karatun haɗa magunguna ya samu aiki, ya sayi gida a Pleasant Garden, can bayan gari, mai fili kamar gona. Duk Asabar can muke taruwa. Wanda ke da mota ya kwaso marasa ita, Hajiya matarsa ta tuƙa tuwo da garin masarar kanti, mu ci mu yi ta gardamar siyasar gida har la'asar. Mutumin kirki ne Alhaji, ban taɓa musun wannan ba. Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko. Malam yake ce mini, duk da ya girme ni da shekara goma sha wani abu.

A gidan akwai ƙanwarsa, tana karatun nas. Doguwa ce, mai saurin dariya, mai bakin tsiya. Ranar da muka fara haɗuwa ban samu mota ba, a keke na je, ta dubi keken ta ce, "Malam, wannan dokin naka yana cin dusa kuwa?" Na ce yana jiran wadda za ta ba shi. Daga nan aka fara. Shekara biyu muna hira a barandar gidan, Hajiya tana leƙowa ta taga tana gyaran murya. Ina sonta, so na gaske, irin wanda ke hana mutum gane abin da yake karantawa.

Wata Asabar Alhaji ya ja ni gefe ya ce ya ga take-takenmu, kuma bai ƙi ba. Ya ce bayan Sallah zai rubuta wa mahaifinsu. "Ka san mutanenmu," in ji shi, "sai sun aika an binciko asali. Amma gidan noma ai gidan mutunci ne, ba abin damuwa." Na ce haka ne, Alhaji. Na koma ɗakina ina juya maganar. Na san 'yan kasuwar birni irinsu ba sa ba makaɗi 'ya. Na kuma san in aka aika ƙauyenmu, yaron farko da aka tara a hanya zai nuna gidan mai ganga. Amma na yi ta lallashin kaina cewa ƙauyen da nisa, wataƙila su gaji su ce sun yarda da shaidar Alhaji.

Ana cikin haka fim ɗin ya faɗo hannuna. Wani malamin nazarin al'adu ne ya dawo da shi, gajere, bai kai rabin awa ba. A kan mutanen Bask ne, wasu mazauna duwatsu tsakanin Sifen da Faransa, da irin wasanninsu na gargajiya. Na ɗora don in duba wata tsaga, sai na manta da tsagar.

Kai, na ga maza! Wasu na tsaye a kan gungume ƙafa a ware, suna sara tsakanin ƙafafunsu da gatari, gefe da gefe, ana ganin wa zai riga raba nasa biyu. Wani ƙato mai ɗamara ya rungumi dutse ya mirgino shi ta ciki har kafaɗa, ya sauke, ya sake. Wasu na dukan ƙwallo da tafin hannu tana bugun bango tana dawowa. Dattawa na zaune da baƙaƙen huluna masu faɗi kamar faifai. Abin da ya kama ni shi ne, ban da ƙwallon, duk wasan nan aiki ne. Saran itace ne, ɗaukar kaya ne, aikin da talaka ke yi kullum, aka wanke shi aka kawo fili ana tafa masa.

A ƙarshe aka nuna gasar yankan ciyawa. Mutum biyu a gangaren tudu, kowanne da lauje mai dogon ƙota, sun sunkuya suna sharɓe ciyawa, taki ɗaya sara ɗaya. Ɗaya saurayi ne. Ɗayan ya manyanta, siriri, mai furfura a gefen kai. Da na ga yadda suka jeru sai na ji ƙamshin ƙasar damina a hancina. Gayya ce sak. Sai dai ba mai kiɗa. Jama'a na tsaye a bakin gona hannu a aljihu, ba ka jin komai sai shuu, shuu na lauje da numfashin mutum. A tsakiyar aikin ƙugun dattijon ya yi nauyi, saurayin ya wuce shi. Ya miƙe ya wasa laujensa da dutse, ya tofa yawu a hannu, ya sake sunkuyawa. Kaɗan-kaɗan ya kamo yaron, ya wuce shi daf da ƙarshe.

Haushi ya kama ni ni kaɗai a ɗakin. Na ce wane irin rashin tausayi ne wannan? Bawan Allah na neman faɗuwa, gari guda na kallo, a rasa mai ɗauke shi? Na mayar da fim ɗin baya na sake kallo. A satin nan na kalle shi ya fi sau goma, har na haddace inda zai gaji da inda zai farfaɗo. Hannuwana kuwa a ƙarƙashin cinya nake danne su.

Da ma nakan aro injin majigi ranar Juma'a in kai gidan Alhaji, mu rataya farin zanen gado a ɗakin ƙasa, in nuna wa yara fim ɗin namun daji. Wannan karon na ce bari manya ma su ga abin mamaki. Da za a tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓi wannan fim ɗin cikin dubu, ba ni da amsa mai kyau. So nake kawai wani ya gani tare da ni.

Bayan azahar aka sauka, mu wajen ashirin da yara. Aka ja labule, na kunna. Hoto ya fito tas, murya babu. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙwai a cikin injin da ke karanto sauti, shi ne ya ƙone, ban kuma zo da wani ba. Na ba da haƙuri, Alhaji ya ce a bar shi haka, ai idanu ne ke kallo. Aka ga masu gatari, aka yi ta salati. Aka ga mai dutse, Hajiya ta ce wannan matarsa na shan wahalar tuƙi. Da aka zo kan masu yankan ciyawa sai ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar injin. Yara suka fara mutsu-mutsu, suna tambaya da Turanci yaushe za a ga zaki.

Alhaji ya ce, "Haba! Mutum na wannan aiki ba ko ɗan kiɗa? A taimaka musu mana."

Akwai wani ɗalibin injiniya a cikinmu, ɗan gidan sarauta, mai son a san da shi. Ya jawo bokitin roba na wanki, ya kife, ya karɓi cokulan katako biyu, ya hau duka. Wayyo Allah. Kiɗan biki yake yi, na 'yan mata, shi ma a karkace. Lauje na sauka nan, shi yana can. Mutane na dariya suna tafi. Ni kuwa kowane bugu kamar a haƙorina. Na dubi zanen, na ga an kusa wurin. Ƙugun dattijon ya soma nauyi, wannan sakarai kuma sai ƙara sauri yake, yana kora mutumin da ke neman numfashi.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ji dai bakina yana cewa, "Kai, ba ni nan! Kashe shi za ka yi?" Na fizge cokulan, na ja bokitin tsakanin gwiwoyina.

Shekara goma sha biyar rabona da kiɗa, amma hannu bai nemi shawarata ba. Na sa ido a ƙugun dattijon. Na sauko da kiɗan, na kwantar da shi, na bar shi ya miƙe ya wasa laujensa a kan amo mai sanyi. Da ya tofa yawu a hannu na ba shi bugu biyu na gargaɗi. Yana sunkuyawa na shiga gabansa da rabin taki, yadda kowane sara zai tarar da kiɗa na jiransa. Na fara ja. Ya biyo. Na ƙara, ya ƙara. Na san hoto ne, na san an ɗauke shi shekaru da suka wuce a wata ƙasa, amma wallahi a wannan lokacin da ni da duk wanda ke ɗakin mun yarda ni nake tafe da shi. Sai na ji taken Sarkin Noman garinmu yana fita daga bokitin, bakina kuma ya buɗe da irin muryar Baba, ina kiransa na gaba da rana, mai kwana da garma, gagara yaro. Ya kamo saurayin. Hajiya ta saki guɗa. Ya wuce shi, ya kai bakin gona, ya ɗaga laujensa sama, na rufe da bugu uku.

Zaren fim ya ƙare yana faɗa-faɗa a jikin injin. Aka buɗe labule. Ina zaune jiƙe da gumi, cokali ɗaya ya tsage.

Ba wanda ya tashi a ƙasar Hausa da zai ji wannan ya ce a makaranta aka koya. Ɗakin ya san abin da ya ji. Alhaji ya taso a hankali, yana murmushi, ya sa hannu a aljihu ya zaro dala ɗaya, ya manna mini a goshi. Gumi ya riƙe ta.

"Allah ya ja da ran Sarkin Kiɗa," in ji shi. "Ashe muna tare da manya ba mu sani ba."

Aka yi tafi. Na tabbata ba da mugunta ya yi ba, abin ya burge shi ne, ya yi abin da ake yi wa makaɗi in ya burge. Amma ba a yi wa suruki liƙi. Da ni da shi duk mun san haka tun takardar ba ta bar yatsunsa ba. Na ɗago ido na nemi ƙanwarsa. Tana tsaye a bakin matakala da tire a hannu, ba ta tafi da kowa ba, ba ta kuma yi dariya ba.

Sallah ta zo ta wuce, Alhaji bai sake ta da maganar wasiƙa ba, ni ma ban tambaya ba. Bai canza mini fuska ba ko kaɗan. Ana ci gaba da zuwa ɗaukata ranar Asabar, ana cika mini kwano. Sai dai Malam ya ɓace, Sarkin Kiɗa ya zauna, har yara suka ɗauka.

Ita ce ta same ni, wata Talata da rana, a bakin laburare, da farar rigarta ta asibiti. Ta ƙi zama.

"Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. Baba makaɗi ne?"

Na ce e.

"Shekara biyu kana ce mini manomi."

Na fara kame-kame, cewa ai yana da gona. Ta ɗaga hannu.

"Don Allah kar ka ƙara. Ni kiɗan bai dame ni ba, ban taɓa ganinka da kyau irin na ranar ba. Da ka faɗa mini tun farko, da na san irin faɗan da zan yi a gida, kuma da na yi shi, ka san bakina. Amma yanzu me zan ce wa Yaya? In ce na sani, na yi ƙarya. In ce ban sani ba, ya ce to me kuma ban sani ba?" Ta gyara jakarta. "Mutumin da ya ji kunyar ubansa, ina tsoron ranar da zai ji tawa."

Ta juya ta nufi tashar bas. Na tsaya riƙe da keke har motar ta tashi. Ban ji haushinta ba, don ba ta faɗi abin da ba haka ba. Da bazara ta gama karatu ta koma gida. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Dalar nan tana cikin ƙamus ɗina wata da watanni. A gidanmu akwai al'ada: abin da yaro ya fara samu da kiɗa ba ya ci, ubansa yake kai wa. 'Yan'uwana duk sun kai nasu tun suna ƙanana, ni kaɗai ne ban taɓa ba. Baba ba ya karatu, kaset muke aika wa juna in an samu mai tafiya. Wata rana lokacin hutun cin abinci na roƙi shugabata aron ɗakin fina-finan. Ta ce in dai ba zan ƙona shi ba. Na ɗora fim ɗin a injin mai lafiyar murya, na kunna rikoda, na kife kwandon shara na ƙarfe, na yi wa dattijon kiɗa daga farko har ƙarshe. Sannan na yi magana. Na gaya wa Baba komai, yarinyar, da liƙin, da abin da na yi shekaru ina faɗa wa mutane game da shi. Na nannaɗe dalar a jikin kaset ɗin na ba wani mai tafiya Katsina.

Amsa ta ɗauki wata huɗu. Na saurare ta a ɗakina da safe kafin in fita. Aka fara da kukan kaji da muryar ƙanena yana cewa an kunna, a yi magana. Baba ya yi gyaran murya, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya lissafo waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu.

Sannan ya ce, "Kai wannan, saƙo ya iso, na karɓa, Allah ya yi albarka. Na ji kiɗan. Hagunka ta mutu, sai ka tashe ta. Amma mutumin naka manomi ne na gaske, na ji saransa. Ya gaji a tsakiya, na ji inda ka sassauta masa, na ji inda ka ɗauke shi. Daidai ne. In kun haɗu ka ce ina gaishe shi."

Ya sake gyaran murya. Ina jin numfashinsa da kajin.

"Maganar yarinya, sai haƙuri. Ɗaya maganar kuma, ka daina wahalar da kanka. Ranar da na kai ka makaranta, da na shiga wurin babban malamin ya tambaye ni sana'ata zai rubuta, manomi na ce masa."

Daga nan ya koma kan batun rufin ɗakin Inna da ke yoyo. Na kashe rikodar. Na tuna aron rigar nan, yadda ta yi masa yawa a kafaɗa, da yadda ya bar ni a waje da akwati don kada in ji. Ranar ban je aiki ba.